Yaron da Ya Zauna a Kan Hannuwansa

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Ina fatan kina shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda ranki ya so ba. Mu nan ƙalau muke, Baba yana gaishe ki.

Wayarmu ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki biro. Na yi ta zuba miki bayani har na kai aya, sannan kika ce in ban da sallama ba ki ji komai ba. To ga takarda nan, ita babu ruwanta da nauyin kunne. Kuma ke kika jawo wa kanki. Kin ƙarar da ƙuruciyarki wajen koyar da ƙananan yara, kika zuga ni na shiga aikin, yanzu sai ki gyara zama ki sha ƙorafi.

An ba ni ajin 'yan shekara huɗu. Ɗaki ne mai tagogi biyu, da ƙananan kujeru, da doguwar tabarma ta zaman labari, da kantar takalma a bakin ƙofa. Muna tare da Iya mai raino, wadda ke kai su bayi tana share musu hanci, tana mita tun daga safe har a tashi. Duk yaran na iya da su, in ban da guda ɗaya.

Iya ce ta raɗa masa Guguwa, sunan kuwa ya bi shi. In kin gan shi sai ki rantse ba zai iya kashe ƙuda ba, ɗan tsurut ne, ga manyan idanu. Amma da zarar yara sun haɗa kai suna gina gida da tubalan wasa, sai ya taho da gudu ya yi ƙwallo da ginin, ya tsaya yana dariya yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, sai ki ce godiya yake jira. Abin da ke hannun wani shi yake so, in ya ƙwace kuma bai san abin da zai yi da shi ba. Makon jiya ya gartsa wa wani yaro mai tabarau cizo a dantse, har shatin haƙora ya fito.

Iyaye suka yi ca a ofis. Shugabar makaranta ta kira ni ta yanke magana: in aka sake kawo mata ƙarar jini ko tabo kafin ƙarshen zangon nan, za ta sallame shi. Na kira mahaifiyarsa, tela ce, na faɗa mata. Ba ta roƙe ni ba, ba ta kuma kare shi ba. Tana ta naɗe tef ɗin awo a yatsa tana warwarewa, ta ce dama an taɓa korar su daga wata makarantar, nan ce ta biyu, kuma ba ta san ta uku ba. Shi kaɗai gare ta. A ƙarƙashin teburin keken ɗinki ya tashi, cikin manya, babansa kuma direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana a gida ba.

Ba zan ɓoye miki ba, wata rana ji nake kamar in ɗaure shi a ƙafar tebur in huta. Amma ba na so a kore shi daga hannuna. Yaron da ya sha kora sau biyu tun bai iya ɗaura igiyar takalminsa ba, me zai ɗauki kansa?

Ga abin da na shirya. A bitar da aka yi mana an koya mana allon taurari. Na manna kwali a bango, duk lokacin da aka yi wasa aka gama bai taɓa kowa ba, sai in liƙa masa tauraro. Na san za ki taɓe baki ki ce zamani, amma dai ki ba ni shawara.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

'Yarki,
Auta

Gwaggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kin tashi lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Amsarki ta iso, na kuwa ga rowa: na aiko miki da shafi biyu, kin maido min da layi biyu. Wai in rufe bakina in buɗe idona. Na ji haushi, don a lokacin gani nake na riga na gama aiki.

Ai allon ya ci, Gwaggo. Cikin 'yan kwanaki duka ya tsaya cak, cizo ya tsaya, gini ya daina rushewa. Taurari suka cika kwali har na ƙara wani. Shugaba ta yabe ni a gaban malamai, kaina ya kumbura, har Iya ta ce in yi hankali kada ƙofa ta yi min kaɗan.

Murnar ta fara komawa ciki ne ranar da zazzaɓi ya hana Guguwa zuwa. Akwai wata yarinya da muke kira Gimbiya, saboda ba ta magana sai da umarni. Ta yi tuntuɓe da tabarma ta faɗi, ta tashi tana kuka wai Guguwa ne ya ture ta. Nan take aka samu shaidu, har da mai nuna min da wane hannu ya yi turin. Iya ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na fara, sai dariyar ta maƙale min. Yaro yana kwance a gida, amma laifinsa ya zo makaranta. Kuma a bakin wa suka koya? Ni ce nake ƙwala masa kira daga wannan bango zuwa wancan, kullum da muryar faɗa.

Da ya dawo sai na bi maganarki, na koma gefe na zuba ido. Ashe yaron ya gano hanyar samun tauraro fiye da yadda na koya masa. Da an ce a tashi wasa, sai ya tafi gindin kantar takalma ya zauna, ya cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su. Haka zai zauna yana kallon yara har a kaɗa ƙararrawa, sannan ya taso ya tsaya a gaban kwali yana jiran ladansa. Ni kuma in liƙa, in ce a tafa masa. Kin ga abin da na yi ta biyan sa a kai ke nan, ya nisanci mutane.

Da na tuna baya, sai na ga dama ba da gudu yake farawa ba. Yakan yi ta zagaya su, ya matso, ya ce shi ma zai yi, su ce a'a, sannan ya rushe ginin. Hanyar shiga wasa da ya iya ke nan. Na toshe ta, ban buɗe masa wata ba.

Jiya abin ya ƙarasa ni. Ya ɓamɓaro tauraro ɗaya daga kwalin, ya lallaɓa wajen Mai Tabarau, yaron nan da ya ciza, ya miƙa masa. Shi kuwa yana ganin hannu ya nufo shi ya ƙwalla ƙara ya ruga bayan Iya. Guguwa ya tsaya da tauraro a yatsa, ya rasa inda zai kai shi, sai ya liƙa a kan takalminsa ya koma mazauninsa. Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska.

Yanzu ina tsaka mai wuya. In na bar allon, zai kai ƙarshen zango lafiya, ba mai korar sa. In na cire, zai koma cikin yara, kuma kuskure ɗaya ya ishe shi. Ban san wanne ne riƙon amana ba. Ki sa mu a addu'a, kuma wannan karon ki ƙara ko da layi ɗaya ne.

'Yarki,
Auta

Gwaggona,

Ina gaishe ki gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi. Yaya jiki, yaya mutanen gida? Na ji an ce kin fara takawa har bakin titi ba sanda, Allah ya ƙara sauƙi.

Na cire allon. Ban jira amsarki ba, kin dai san halina. Shugaba ta ce an samu lafiya ina tono cuta, kuma sharaɗinta yana nan daram, in ta ɓaci ni na jawo. Kafin in cire sai da na je shagon Tela na bayyana mata haɗarin, don ɗanta ne ba nawa ba. Ta tsayar da keke, ta ce ita ma ta lura ya daina surutu a gida, ta ɗauka hankali ne ya zo masa. Ta ce in gwada.

Da kaina na fara. Na daina kiran sa daga nesa, in zan yi masa magana sai in je in durƙusa a gabansa. Na kuma hana sunan Guguwa a aji, yanzu ke kaɗai nake faɗa wa shi. Iya ce take shan wahala, sai ta ɗauko sunan ta kai rabi ta tuna, ta ƙarasa da “ɗan albarka” tana harara ta.

Sannan na ƙirƙiro ayyukan da mutum ɗaya ba zai iya ba. Tabarma sai biyu sun kama a naɗe, bokitin wanke hannu sai biyu sun ɗauka, haka kwandon tubala. Kowa da abokin aikinsa, don kada a ce don shi aka yi. A madadin kwalinsa kuma na ajiye kwalba ta aji duka. Duk biyun da suka taimaki juna sai a jefa marfin lemo ɗaya a ciki, in ta cika mu fita gindin bishiya a yi labari. Yanzu har sa ido suke yi, su zo su kawo min rahoton alherin juna, wani ma na ƙarya.

Kullum da safe kafin a cika, nakan sa safa biyu a hannu su zama yara, mu yi gwaji ni da shi. Na hana shi tambayar ko zai shiga wasa, don ɗan shekara huɗu in ka tambaye shi a'a ce a bakinsa. Na ce ya tsaya, ya duba wasan me ake yi, ya kawo abin da babu. In kuma an zo ƙwace masa abu, ya ce bai gama ba, in an ƙi ji ya kira ni.

Gwajin farko kunya na sha. Na haɗa shi da Mai Tabarau a bokiti, wai ni mai sulhu. Suna ɗagawa Mai Tabarau ya saki ya gudu, ruwa ya malale ɗaki, Iya ta yi ta goge-goge tana ambaton ranar da za ta bar aikin nan. Sai na sake lissafi na haɗa shi da Gimbiya. Ita ba ta tsoron kowa, kuma dama 'yan aike take nema. Tana ba shi umarni yana bi, tabarma ta naɗu sumul.

Shekaranjiya yara suka jera kujeru suka yi mota, Gimbiya ce direba, murfin bokiti ne sitiyari. Na hango shi ya fara zagayen nan nasa. Muka haɗa ido na taɓa idona da yatsa, alamarmu ke nan ta ya tsaya ya duba. Ya tsaya. Can sai ya zura hannu a aljihu ya ciro ƙyallayen da yake tsintowa a shagon uwarsa, ya bi fasinjoji yana miƙa wa kowa ɗaya, wai tikiti. Gimbiya ta waiwayo ta ƙare masa kallo ta ce, “To kai ne kwandasta. Amma ban da taɓa sitiyari.”

Wasan bai daɗe ba, daga baya ma ya hankaɗe kujera don an ƙi sauka a inda ya ce. Amma ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya gudu. Na dawo gida na ci abinci kamar wadda aka yi wa albishir, har Baba yana tambaya ko ƙarin girma aka yi min.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Auta

Gwaggona,

Ina fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba.

Abin da ake gudu ya faru. Na fita wanke wa wata yarinya jiki, na bar Iya da aji. A ranar ne Gimbiya ta yarda a karon farko Guguwa ya tuƙa motar. Ko tashi bai yi daga tasha ba ta canza shawara ta kama murfin. Iya ta ce da kunnenta ta ji ya ce bai gama ba, ya sake faɗa, sannan ya kira ni, ni kuwa ba na nan. Suka yi ta ja, ya ture ta, leɓenta ya bugi bakin kujera ya fashe.

Na shigo na tarar da jini a rigarta, shi kuma ya koma gindin kantar takalma ya danne hannuwansa. Muna da doka a aji, wanda ya ji wa wani ciwo shi zai taya jinya. Na ɗago shi na ba shi tsumma mai sanyi ya riƙe mata a baki. Ta bar shi ya riƙe, tana kuka tana zazzaga masa masifa ta gefen tsumman.

Babanta mai kemis ne, ya zo ya ɗaga murya a ofis, kuma ban ga laifinsa ba, 'yarsa ce da jini. Ya ce ba za ta sake tako makarantar ba sai an cire yaron. Kallon da Shugaba ta yi min kaɗai ya isa. Alfarma ɗaya na roƙa, kafin ta yanke hukunci su zo ita da shi su tsaya a taga su ga ajin, tunda gani ya kori ji. Da ƙyar ta amsa.

Tela ta zo da yamma ta ce ko ta cire shi da kanta, ya fi a ce an kore su. Na ce ta ba ni 'yan kwanaki. Na faɗa da ƙarfin hali, amma ni kaina ban san yadda za ta kaya ba. Da na bar allon nan, da yanzu yana zaune lafiya da kujerarsa. Ina ta tambayar kaina ko na yi caca ne da abin da ba nawa ba. Duk da haka in na tuna zaman nan nasa a kan hannuwa, sai in ji ko yau aka dawo da ni baya cirewa zan yi.

Ki yi mana addu'a, Gwaggo.

'Yarki,
Auta

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki? Saƙonki ya iso, har shafi guda cur, na san lallai na ba ki tausayi. Na gode, ya riƙe ni a kwanakin nan.

Sun zo. Mai Kemis ya taho da Gimbiya a hannu, wai ba dawo da ita ya yi ba, ta dai hana gidan sakat ne. Suka tsaya a taga shi da Shugaba, na fito na tsaya tare da su. Yara ba su san ana kallo ba, mota ta cika, ana ta hayaniya. Ya ce in nuna masa yaron. Na ce ya duba da kyau, ai mai irin wannan aika-aika ba zai ɓuya ba. Shugaba ta harare ni.

Ya nuna wani ƙaton yaro da ya hau kujera biyu. Na ce ba shi ba ne. Ya nuna wani mai ihu a gaba. Na ce wannan ɗan malamar aji na gaba ne. Yana cikin nema Gimbiya ta zare hannunta ta shige aji, ta ratsa fasinjoji har bayan mota. Can Guguwa yake, yana miƙa wa Mai Tabarau tikiti, shi kuma yana karɓa da bakin yatsu kamar mai ɗaukar garwashi, amma dai ya karɓa.

Guguwa yana ganin ta ya ƙame, ya mai da hannuwansa baya. Ta turo masa leɓe ta ce, “Ka ga abin da ka yi? Yau ba za ka tuƙa ba, gobe ma haka. Ba ni tikiti.” Ya zazzage aljihunsa, ya zaɓi ƙyalle mai ƙyalli ya ba ta. Ta wuce gaba ta tashi direban da ta samu, mota ta ci gaba da tafiya.

Mai Kemis ya ce, “Wannan ɗan mitsitsin?” Sai ya nemi a faɗa masa yadda abin ya faru tun daga farko. Iya ta zayyana masa, ba ta rage wa kowa ba, har ni da na bar aji. Ya shafa kai ya ce haka 'yar tasa take yi wa yayyenta a gida. Bai ce ya yafe ba. Ya ce leɓe dai ya fashe, kuma yana so a tabbatar masa akwai babba a tsaye duk lokacin wasa. Na ce gaskiyarsa ce.

A ofis Shugaba ta ja min kunne son ranta, sannan ta ce yaron zai zauna, har zango mai zuwa. Sharaɗin yanzu a kaina yake: ba na barin aji lokacin wasa, kuma duk mako zan zauna da mahaifiyarsa. Kada ki ɗauka ya zama waliyyi. A ranar ma sai da ya fizge wa wata fensir, na je na durƙusa muka sake daga farko. Da sauran aiki, amma yanzu a cikin mutane ake yin sa.

Da aka tashi Tela ta zo da fuskar wadda ta shirya jin mummunan labari. Na faɗa mata. Sai ta hau waige-waige tana neman sa. Muka hango yara a gindin katanga, sun tsuguna sun haɗa kai suna kallon tururuwa na jan wani mataccen ƙwaro, ana gardamar inda za su kai shi. Yana tsakiya, wani yaro ya rataya masa hannu a wuya. Na san ta baro masu jiran ɗinki a shago, sai na yunƙura zan kira shi. Ta riƙe min hannu, ta zauna a kan dakali ta ɗora jaka a cinya.

Ta ce, “Bar su, Malama. Kullum a bakin ƙofa nake samun sa shi kaɗai, ya rataya jaka. Ban taɓa jiran sa ba. Ɗinki ya jira.”

Na zauna kusa da ita muka jira tare.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Baba yana gaishe ki.

'Yarki,
Auta